Kolin, Sobitol da Inositol a Abincin Dabbobi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa shiga shagon magungunan dabbobi ya ɗauki kwalbar abin da masu kiwo ke kira maganin hanta, in ya juya bayanta zai tarar da kusan sunaye iri ɗaya ko wane kamfani ne ya haɗa ta: sobitol, kolin, inositol, metiyonin, wani lokaci har da betayin. Daga wannan kwalbar yawancin tambayoyin nan suka taso, wasu daga bakin masu kiwon kaji, wasu daga ɗaliban kimiyyar dabbobi. Sunayen suna zaune layi ɗaya a jikin takarda kamar 'yan ɗaki ɗaya, amma aikinsu a cikin jiki ba ɗaya ba ne, kuma binciken kusan shekara 90 ya nuna wanda ke ɗauke da nauyin gidan.

Malam, kafin komai: dangin sobitol ɗin nan da ake fassarawa "barasar sukari", giya ce?

Ko kusa. Sunan ne ya jawo ruɗani. Masana sinadarai suna kiran duk abin da ke ɗauke da wani ɗan reshe na oksijin da haidurojin da sunan alkohol, ko yana bugarwa ko ba ya yi. Wanda ke cikin giya sunansa itanol, kuma babu shi a cikin waɗannan. Ɗaya sunan nasu shi ne poliyol, da shi za mu ci gaba.

Kun san wasunsu ba tare da kun san sunan danginsu ba. Gilisarin da ake zubawa cikin man shafawa lokacin hunturu don kada ƙafa ta yi kaushi, poliyol ne. Zailitol yana cikin cingam da man goge baki. Sobitol kuwa wani Bafaranshe, Joseph Boussingault, ya fara ciro shi a 1872 daga 'ya'yan wata bishiya ta Turai, kuma akwai shi a cikin tuffa. Inositol ɗan uwansu ne mai siffar zobe, wanda Johann Scherer ya samo a cikin nama a 1850. Hanji ba ya tsotse yawancinsu da kyau, shi ya sa sobitol ke ba da kalori 2.6 a kowane giram alhali sukari na ba da 4. Wanda ya cika cinsu ba zai yi maye ba, sai dai ya kwana zarya zuwa bayan gida.

Shi kuma kolin mene ne aikinsa?

Adolph Strecker, Bajamushe, shi ya ciro shi daga matsarmamar alade, ya raɗa masa suna a 1862 daga kalmar Girkanci mai nufin ruwan matsarmama. Jiki na amfani da shi wajen ƙera sinadarin da jijiya ke aika wa tsoka saƙo da shi, yana kuma sarrafa shi ya koma betayin. Amma babban aikinsa shi ne shiga cikin wani nau'in kitse mai suna fosfatidilkolin, wanda aka fi sani da lesitin, kuma da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta.

Hanta ce ta fi jin jiki idan ya yanke. Ka ɗauke ta kamar shagon ɗan kasuwa a Dawanau. Hatsi na ta shigowa, manyan motoci na jira a bakin titi, sai buhu ya ƙare. Kitse ba ya narkewa cikin jini, dole sai hanta ta ƙunshe shi cikin wasu 'yan ƙunshi kafin ta tura shi ga sauran jiki, kuma fatar ƙunshin nan da lesitin ake yin ta. Babu kolin, babu buhu. Kaya sai su yi ta taruwa har shagon ya cika maƙil. Wannan shi ne kitsewar hanta.

Yaya aka yi aka gano haka?

Da karnuka, kuma ba shi aka fita nema ba. Bayan Frederick Banting da Charles Best sun gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, masu bincike sun ci gaba da raya karnukan da aka cire wa fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, ta hanyar yi musu allurarsa. Sukarin jininsu ya daidaita, amma bayan 'yan watanni sai su mutu da hanta a kumbure da kitse. An lura cewa in an ba su ɗanyen fankiriyas a abinci suna tsira. Daga baya aka ga lesitin ma yana yin wannan aikin, sannan a 1932 Best da abokan aikinsa suka nuna cewa kolin ɗin da ke cikin lesitin ne sirrin.

Bayan nan sai bincike ya yi ta haihuwa. A 1937 aka ga metiyonin, ɗaya daga cikin tubalan gina furotin, shi ma na rage kitsen hantar ɓera. A 1939 Griffith da Wade a Amurka suka ga ƙodar ɓerayen da aka yaye tana zubar da jini cikin kwana goma kacal idan babu kolin a abincinsu. A daidai wannan lokacin Vincent du Vigneaud ya warware dalilin da ya sa metiyonin ke taimakawa: yana ba da aron wani ɗan guntu da ake kira metil, kuma da guda uku na wannan guntun hanta ke ƙera nata kolin. A 1940 Thomas Jukes ya nuna kolin na hana karkacewar ƙafa a 'ya'yan talo-talo.

Ku riƙe maganar metil ɗin nan. Kowane kolin yana ɗauke da guda uku. Sobitol, zailitol, gilisarol (wato gilisarin) da inositol, babu wanda ke da ko ɗaya da zai bayar.

To ta ina poliyol ya shigo cikin labarin?

Ta inositol, kuma a garin na Toronto. A 1941 Gertrude Gavin da E. W. McHenry suna aiki da ɓeraye da aka daɗe ana hana su rukunin bitamin B. Da aka dawo musu da bitamin ɗin, musamman bayotin, sai suka shiga ci da ƙera kitse ba ƙaƙƙautawa, hantarsu ta cika da shi, har da kolestarol mai yawa. An ba su kolin, bai yi wani abin a zo a gani ba. Da aka ba su inositol sai kitsen ya sauka. Nan take inositol ya samu kujera kusa da kolin a jerin abubuwan da ke kwashe kitse daga hanta, kuma tun daga wancan zamanin masu haɗa magunguna suke jera su tare. Kwalbar da ke shago yau jikar wannan binciken ce.

Akwai dalili a sinadarance. Inositol ma yana shiga cikin nasa nau'in kitsen bangon ƙwayar halitta, fosfatidilinositol, kuma in ya yi ƙaranci fitar da kitse daga hanta na yin nawa. Dukkan su biyun a kan ƙashin baya ɗaya ake ɗora su, wato gilisarol, wanda shi ma poliyol ne.

Sai dai da ɗakin binciken Best ya bi sawun maganar a shekarun da suka biyo baya, ya tarar ƙarfin inositol bai kai yadda aka zata ba. Ya fi nuna kansa idan abincin ɓeran babu mai a ciki sam. Da an ƙara mai, tasirinsa sai ya dushe. Kolin kuwa yana aiki ko da mai ko babu. Dalili ɗaya shi ne yawancin dabbobi suna ƙera isasshen inositol da kansu daga gulukos, wato sukarin jini, musamman a ƙoda. Sai an matsa wa dabba ta wata hanya ta musamman kafin ƙarancinsa ya bayyana, kamar uwar ɓera mai shayarwa da aka hana shi a abinci.

Ke nan in na ba da inositol da yawa, zan iya rage kolin?

Ba za ka iya ba. Inositol ba ya hana ƙodar ɗan ɓera zubar da jini, ba ya hana ƙafar ɗan tsako karkacewa, ba ya ba da metil. Jiki ba shi da hanyar da zai mayar da shi kolin. Ko betayin da aka samo daga kolin kansa, aikin ba da metil kaɗai yake iya karɓa. Ba ya komawa baya ya zama kolin, don haka shi ma ba ya tsare ƙafar ɗan tsako.

Misalin da ya fi kowane fito da maganar fili ya zo daga ɗakin binciken Dennis Vance a Jami'ar Alberta a ƙarshen shekarun 1990. Sun samar da ɓerayen da aka toshe wa hanyar ƙera kolin daga metil. Muddin akwai kolin a abinci, lafiya lau suke. Da aka janye shi, cikin kwana uku hantarsu ta lalace. Ɓerayen nan suna da gulukos, suna ƙera inositol da gilisarol ɗinsu kamar kowa. Bai cece su ba.

Sobitol fa? Shi ne ma ya fi yawa a cikin kwalbar.

Haka ne, kuma yawancin lokaci shi ake fara rubutawa saboda ya fi sauran nauyi a ciki. Yana da amfaninsa. Yana sa matsarmama ta matse ta zubo ruwanta cikin hanji, abin da ke taimaka wa narkar da mai. Yana da ɗan zaƙi, yana narkewa da kyau a ruwa, ga araha, saboda haka ya dace a ɗora sauran magunguna a kansa. Amma zubo da ruwan matsarmama daban, fitar da kitsen da ya maƙale cikin ƙwayoyin hanta daban.

Akwai wani tsohon bincike da ya ɗaga darajar sobitol. A 1957 T. B. Morgan da John Yudkin a Landan suka ga ɓerayen da aka hana bitamin B1, waɗanda ya kamata su mutu, suna rayuwa har suna girma idan aka saka musu sobitol. Abin ya yi kama da siddabaru. Daga baya aka gane sobitol ɗin da hanji bai tsotse ba yana gangarawa ƙasa, bakteriyar da ke can su cinye shi su ƙera bitamin, ɓeran kuma ya juya ya ci kashinsa, kamar yadda ɗabi'arsa take. Da aka hana shi cin kashin, sai siddabarun ya watse.

Wasu sukan ce to ai bitamin B12 da folat suna rage buƙatar kolin, tunda suna taimakon jujjuyawar metil, ke nan sobitol zai iya taimakawa ta bayan gida. A ɓera, mai yiwuwa a yi wannan lissafin. Ni dai ban ga yadda zai fisshi kazar da ke cikin keji ba, wadda kashinta ke faɗawa ƙasa ta ramukan waya. Kuma game da kolin kansa, bakteriyar hanji ba masu kawowa ba ne, masu ci ne: suna farfasa shi ya koma wata iska mai ƙarnin kifi, tirayimetilamin. A 2012 Smaranda Craciun da Emily Balskus a Jami'ar Harvard suka gano enzayim ɗin, wato sinadarin farfasawa, da bakteriyar ke yin haka da shi.

Abu na ƙarshe, wanda hanji ya tsotsa na sobitol hanta yake zuwa, a can ya koma wani nau'in sukari mai suna furuktos. Furuktos kuwa kayan ƙera kitse ne. Ɗan abin da ke cikin cokali biyu a durom ɗin ruwa ba zai yi ɓarna ba, amma dai a san cewa hatsi yake ƙarowa shago, ba buhu ba. In kuma hannu ya zarce, kashin kaji zai tsinke, ɓuntun da aka shimfiɗa musu ya jiƙe.

Ashe irin zaƙin da dabba ke ci yana canza buƙatarta ga kolin?

Sosai, kuma a nan ne maganar ta fi armashi. A 1949 Best da Stanley Hartroft da abokansu suka ɗauki ɓeraye masu cin abincin da kolin ɗinsa ya tsaya iya wuya, ba ƙari. Wani rukuni aka ba su barasa a madadin ruwan sha, wani kuma aka ba su sukari daidai yawan kalorin barasar. Dukkan rukunonin hantarsu ta kitse, ta fara tabo. Da aka ƙara kolin, dukkansu suka kuɓuta. Abin da suka fahimta shi ne ƙarin kalori yana ƙara yawan kolin da ake buƙata. Abincin da ya ishi dabba jiya zai iya gazawa yau idan an cika shi da zaƙi.

Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin wanke barasa. Charles Lieber a New York ya nuna a shekarun 1970, da birai, cewa barasa na lalata hanta ko da abinci ya cika sharuɗɗa. Ɓera ya fi biri da mutum saurin ƙona kolin, shi ya sa sakamakon ya sha bamban.

Har yau masu binciken ciwon hanta suna amfani da wani abincin gwaji da aka cire wa metiyonin da kolin, wanda kusan kashi 40 cikin ɗari nasa sukari ne. A 2009 ɗakin binciken Jacquelyn Maher a San Francisco ya musanya sukarin da sitaci, komai na abincin yana nan yadda yake. Lalacewar hantar ta ragu ƙwarai. Wato rashin kolin yana rufe ƙofar fita, amma sukari ne ke tura kaya ciki. Ɗalibin da zai gwada wani poliyol a irin wannan abincin ya kula da wannan: in ya cire sukari ya sa zailitol ya ga hanta ta yi sauƙi, sai ya tambayi kansa ko zailitol ɗin ne ya warkar, ko kuwa rashin sukarin ne, ko ma dabbar ce ta rage ci saboda cikinta ya ɓaci.

An ce akwai inda suke aiki tare a cikin ƙoda. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Can tsakiyar ƙoda, inda ake tace fitsari a kaurara shi, gishiri da yuriya sun yi yawan da zai iya tsotse ruwan kowace ƙwayar halitta ta yanƙwane. A shekarun 1980 ɗakin binciken Maurice Burg a Amurka ya gano abubuwan da ƙwayoyin ke tarawa don su riƙe ruwansu. Manya guda huɗu ne: sobitol, inositol, betayin, da wani mai suna gilisarofosfokolin. Biyu poliyol, biyu 'ya'yan kolin. Suna ɗan rufa wa juna asiri. In ɗaya ya ragu, wani kan ƙaru. Sobitol ɗin nan kuma ƙodar ce ke ƙera shi a wurin daga gulukos, ba na kwalba ba ne. Wannan dabarar riƙe ruwa ce ta sa ake saka wa kaji betayin a lokacin bazara.

Yaya zan gane 'yan tsakina na fama da ƙarancin kolin?

A ƙafa ake fara gani. Ɗauki tsakon, ka juya shi, ka duba gwiwar baya. Da fari za ka ga ta ɗan kumbura, da ɗigo-ɗigon jini ƙanana ƙarƙashin fata. Daga nan gwiwar ta baje, ƙashin ya gajarce ya lanƙwashe, sai agara ta zame daga kwarinta ta koma gefe. In ka sa babban yatsa za ka ji ta tana motsi kamar igiyar da ta sauka daga kan kura. Ƙafar sai ta fita waje, tsakon ya riƙa jan jiki da fiffike zuwa mazubin abinci, 'yan uwansa na taka shi. Wanda agararsa ta riga ta zame ba ya gyaruwa. Saura ake ceto.

Amma a yi hattara, ba kolin kaɗai ke kawo wannan ba. Tun 1936 masana a Jami'ar Cornell suka nuna ƙarancin manganis na yin haka, kuma bayotin, folat da niyasin duk suna da hannu. Santsin daɓe ma kan buɗe ƙafar tsako. A kai wa likitan dabbobi tsakon da samfurin abincin tare.

Kajina masu ƙwai suna mutuwa, in an fede sai a ga hanta ta yi ruwan ɗorawa. Kolin ne suka rasa?

Ba lallai ba. Na sha tsayawa ana fede irin wannan kaza: zankonta ya koɗe fari, ciki cike da kitse, hantar da ya kamata ta yi ja mai duhu ta koma rawaya, ka taɓa ta da yatsa ta marmashe kamar dafaffen gwaiduwa, ga gudan jini kwance a kanta inda ta tsage. Kuma sau da yawa kazar da ta fi kowace kyan gani ce.

Babbar kaza ba kamar tsako ba ce. Tsako ba ya iya ƙera kolin da zai ishe shi a makonninsa na farko, amma kaza mai ƙwai tana ƙera nata sosai muddin metiyonin ya wadata. Abin da ya fi kawo mata wannan ciwon shi ne abinci mai ƙarfi fiye da kima, zaman keji babu motsi, zafi, da sinadarin estirojin da ke tura hanta ta yi ta ƙera kitsen gwaiduwa. An gwada ƙarin kolin da inositol da bitamin E da B12 a kan wannan matsalar. Wasu gwaje-gwajen sun ga sauƙi, wasu ba su ga komai ba. Kafin a kashe kuɗi kan kwalba, a auna nauyin kajin, a duba yawan masarar da ke cikin haɗin, a duba iska a ɗakin. A kuma sansana abincin ko ya yi funfuna.

Me ya kawo funfuna cikin maganar kolin?

Gyaɗa ce ta kawo ta. A 1946 Copeland da Salmon a jihar Alabama suka ba da rahoton cewa ɓerayen da suka daɗe ba kolin suna kamuwa da kansar hanta. Abincin gwajin nasu da tunkuzar gyaɗa aka haɗa shi, an wanke ta an cire mata kolin, kuma an zaɓe ta ne saboda dama metiyonin ɗinta kaɗan ne. Sai ga shi a 1960 talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila bayan cin tunkuzar da aka shigo da ita daga Brazil, aka gano gubar aflatoksin da funfuna ke fitarwa. Nan shakku ya rufe tsohon binciken: kolin ne, ko gubar da ke cikin gyaɗar? Sai a farkon shekarun 1980 aka sake gwajin da abinci tsaftatacce, aka tabbatar rashin kolin da metiyonin shi kaɗai ma na iya kai ɓera ga kansa.

Ga mai kiwo a ƙasar Hausa, inda tunkuza da ƙuli-ƙuli ke cikin haɗin abincin kaji na gida, darasin a bayyane yake. Gyaɗa ba ta da metiyonin da yawa, ke nan kazar ba ta da kayan ƙera nata kolin. In kuma an ajiye ta cikin laima ta yi funfuna, hantar ta gamu da duka biyu. Babu sobitol ɗin da zai wanke aflatoksin.

Ai an ce hatsi cike yake da inositol?

Cike yake, amma a ɗaure. Yana cikin dusa da ƙwayar hatsi a siffar fayitet, wato inositol ɗaya da fosfet shida manne a jikinsa. Kaza ba ta iya kwance shi da kyau sai an saka mata enzayim ɗin fayites, wanda ya shigo kasuwa a 1991 don a rage asarar fosfaras. Idan aka saka shi da yawa, inositol ɗin jinin kaza na ƙaruwa. Masu kiwon kifi kuma su lura, wasu kifaye irin su salmon da kaf suna buƙatar inositol a abinci.

Shanu fa?

Nasu daban ne saboda tumbi. Kolin ɗin da ka zuba wa saniya a dusa, ƙwayoyin tumbi za su cinye kusan dukkansa kafin ya isa hanji. Shi ya sa ake sayar da wanda aka lulluɓe da kitse don ya ƙetare tumbin.

Matsalar ta fi kama shanun Turai irin Holstein masu ba da lita 30 ko 40 a rana. Makonni uku kafin haihuwa zuwa uku bayanta, saniyar ba ta iya cin abin da zai biya nonon da take fitarwa, sai ta narkar da kitsen jikinta, ya kwararo hanta, hantar saniya kuwa dama ba ta da saurin fitar da kitse. A nan ana ɗura mata gilisarol ko firofilin gilaikol don hanta ta ƙera gulukos da su, narkar da kitsen jiki ya lafa. Wancan na rage shigowar kaya, kolin na taimakon fitarsu. Gefe biyu ne na matsala ɗaya, kuma ɗaya ba ya isar wa ɗaya. Bunaji da ke kiwo a daji tana ba da 'yan litoci ba kasafai take shiga wannan halin ba.

Akwai poliyol mai haɗari ga dabba?

Zailitol ga kare. Yana sa jikinsa ya kwararo insulin, sukarin jini ya faɗi warwas cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Giram 0.1 a kowane kilo na nauyinsa ya isa haka, daga giram 0.5 kuma hanta na iya lalacewa. Kolin ba maganinsa ba ne. Asibitin dabbobi za a nufa da gaggawa.

To nawa ne kolin da ya kamata, kuma yaya ake ajiye shi?

Ma'aunin da Majalisar Bincike ta Amurka ta fitar a 1994 ya ba buroila miligiram 1,300 a kowane kilo na abinci a makonni uku na farko, 1,000 zuwa mako shida, sannan 750. 'Ya'yan talo-talo na farawa da 1,600. Masara tana da kusan 600 a kilo, garin waken suya da aka tatse wa mai kusan 2,700. Saboda haka haɗin da waken suyansa ya yi kauri yana kusa da isa, wanda kuma aka cika da masara da garin rogo don a rage tsada shi ne ke faɗuwa ƙasa. Yawansa ma ba alheri ba ne: wasu kaji masu jan ƙwai suna da wani gado da ke hana su kawar da tirayimetilamin, in kolin ya yi yawa sai ƙwai ya riƙa ƙarnin kifi.

Wanda ake sayarwa garin kolin kulorayid ne, yawanci mai ƙarfin kashi 60 cikin ɗari. Wannan 60 ɗin na kolin kulorayid ɗin ne gaba ɗaya, kolin zalla kusan kashi uku cikin huɗunsa ne, a tuna da haka wajen lissafi. Yana shan laima kamar gishiri. Na taɓa barin buhu a buɗe kwana biyu cikin watan Agusta. Da na dawo ya dunƙule, samansa na naso, sai da muka sa taɓarya. Mafi muni, idan aka cakuɗa shi da firimis ɗin bitamin aka ajiye wata da watanni, laimar da yake jawowa tana cinye ƙarfin bitamin A da K da B1. A ajiye shi daban, bakin buhu a ɗaure, a ɗora kan katako nesa da bango, sai ranar haɗa abinci a auna a zuba.